Layar Bajamushe ta tafi Zariya

Zuwa ga Malam, uban Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan unguwar Nuzla ta Jidda muna nan yadda ka bar mu, sai dai gwiwa da ta ƙi ni, da jikokinka da in na yi musu Hausa su amsa min da Larabci.

Labarin layarka zan ba ka, don na san ka da son jin ƙwaƙwaf.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita ƙunshe a hankici? Lokacin kana yi wa dogon Bajamushen nan na unguwar Ammariyya girki, mai tuƙa jirgin alhazai. Ka ce lambar jarumta ce da ƙasarsu ta ba shi a babban yaƙin Turawa. Jirgin dakon kaya yake ja a lokacin, ya kai wa sojojinsu abinci cikin ƙanƙara, ya kwaso masu rauni, ana ta harbinsa daga ƙasa. Na ce ashe dai ɗan dako ne kamar ƙanena, ka harare ni. Ka ce zai koma garinsu, kuma ba ya son ta bi shi, wai duk sanda ya kalle ta, waɗanda jirgin ya cika ya bari a ƙasa yake gani.

Da na kwance hankicin na ga ƙarfe mai siffar gicciye, sai da na yi salati. Gicciye a gidan Musulmi, a Jidda! Kai kuma ka kafe, wai kyautar mutum ba a zubar da ita. Ka kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, ya sa mata igiya.

To daga nan fa. Maƙwabta suka ga laya, suka ji daga hannun matuƙin da aka yi ta harbi bai faɗo ba ta fito. Halas, shi ke nan. Duk matar da za ta hau jirgi ganin gida sai ta zo aro. Ta je Kano, ta je Khartum, ta je Maraɗi, alhazan baɗi su dawo mana da ita. Kai da ko matakalar jirgi ba ka taɓa takawa ba, ka zama malamin jirgin sama. Ka sha faɗa musu ba ko aya ɗaya a ciki, su ce ai malamin ƙwarai ba ya yabon kansa. Ni kuma ina gefe ina ƙara gishiri.

Tun da ka tafi ban sake ba kowa ba. Fatar ta sha gumin hannunka, har yau turarenka bai bar ta ba. In gidan ya yi tsit bayan la'asar, ita nake ɗaukowa ina juyawa.

Sai ga Hajiya Ladi, wadda muka tako ƙasar nan tare ta Sudan. Iƙamarta, takardar izinin zama, ta ƙare, ɗanta ya ce ta koma Zariya gaba ɗaya. Ita kaɗai ta rage mai kirana da sunan ƙuruciya. Ta zo sallama, tsoron jirgi ya cika ta. Ba ta roƙa ba, Malam. Zama ta yi tana kallon ƙusar da layar take rataye. Ni da ita mun san wannan karon ba alhajin da zai dawo da ita.

Na ce mata ƙarfen Nasara ne, ba ya tsare komai. Ta ce ta daɗe da sani, ita dai abin da za ta damƙe take so in jirgin ya tashi.

Na sinsina layar sau ɗaya, na rataya mata.

Kada ka yi fushi. Yanzu ba ita, ba Ladi, la'asar ɗin ta yi min tsawo ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa Ladi ta sauka lafiya. In nawa lokacin ya zo, ka matsa min wuri, kuma ban da munshari.

Taka har kullum,
Uwar Habibu