Adila Tana Jan Kunne Irin Na Yayanta

Assalamu alaikum Anti Barira. Don girman Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai ce na zautu ba.

Ina aure a wani ƙauye kusa da Guri, mijina manomin shinkafa ne. Ɗana na fari, Musaddiq, ya rasu daminar da ruwa ya cinye gonaki ya yanke mana hanya. Ko yaye shi ban yi ba. Ranar jikinsa zafi rau, yana ta jan kunnensa na hagu yana sosa kai. Babansa ya fita neman kwalekwalen da zai kai mu asibiti a Haɗeja, ni kuma na goya shi ina jijjigawa har ya yi shiru. Har hamdala na yi, na ce barci ya samu. Ko da na sauke shi, rai ya yi halinsa.

Yanzu Allah ya ba ni 'ya mace, Adila, ta fara zama. Tana shan nono sosai, da rana dariya har da ƙyaƙyatawa. Amma da na idar da isha na shimfiɗe ta, sai ta ɗaga hannu ta kama kunne, ta sosa kai. Kunnen hagu fa, Anti. Har yadda take lanƙwasa yatsun irin nasa ne. Nan take sai in ji ƙugin ruwan nan a bayan ɗaki, alhali rani ake, kogi ya ja baya.

Surukata Iya Yagana ta ce shi ne ya dawo, wai wabi ce, a yi mata 'yar tsaga a kunnen don ta zauna. Na ƙi. Sai dai ban san ko abin da ni nake yi ya fi nata ba. Da yarinyar ta taɓa kunne sai in sure ta, in shafa mata ruwa a fuska, in yi ta mata wasa don kada ta rufe ido. Tana kuka ina kuka. In barci ya ci ƙarfinta, sai in zauna da yatsana a bakin hancinta. Kwanan nan jan kunnen ma ƙaruwa yake. Wallahi tsoro nake ji.

Daga Mai Kwana Zaune, Guri.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa Musaddiq mai ceto ne. Ba ki zautu ba, kuma wasiƙarki ta sa ni hawaye.

Jarirai da yawa in barci ya kama su sukan ja kunne su sosa kai, haka suke rarrashin kansu. Wani lokaci haƙori ne ke tafe, ko ƙurajen zafi, ko cizon sauro, ku da ke bakin fadama. Ki duba fatar kanta, ki yanke mata farce, ki sa ta a gidan sauro.

Tsoronki ba a banza yake ba, don ciwon kunne ma yakan zo da haka. Amma shi da rakiya yake zuwa: zazzaɓi, ƙin nono, kuka mara tsayawa, ko ruwa daga kunne. In kin ga ɗaya, sai asibiti. Tun da hanya a bushe take, ki kai ta a haska kunnen ko don hankalinki ya kwanta, ke ma ki faɗa musu ba kya barci. Kada ki ɗiga mata komai a ciki.

Tsaga kam a'a, kin yi daidai. Rai ba ya tafiya ya dawo a jikin wani. Amma ki lallaɓa Iya, ita ma jika ta binne. Ki kuma gaya wa maigidanki halin da kike ciki, ku riƙa karɓa-karɓa wajen kula da ita da dare.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Musaddiq da ikon Allah, ba barci ba. Adila kuwa gajiya ce ke sa ta ƙara jan kunnen, don kullum tana ce miki barci take ji, kina tashinta. Yau in ta kai hannu, ki tofa mata addu'a ki bar ta ta rufe ido. Allah ya raya miki ita, ya sa kukanta ne zai tashe ki da asuba.