Hawa na Biyu da Hawa na Bakwai

Maigida,

"Rani biyu kacal, in na gama tonon kogon nan zan dawo gida in zauna." Rubutun hannunka ne, yana nan cikin durowata. Bana rani na goma sha ɗaya ke nan.

Bayan haka, ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya gwiwar? Ina fatan shan maganin kake yi, ba yawo da shi a aljihu ba. Muna lafiya, ni da akwatunanka arba'in da ɗaya. Auta ta koma makaranta. Kafin ta tafi ta tambaye ni ko sai ta shekara dubu tara a ƙarƙashin ƙasa za ka kula da ita. Na ce ta daina rashin kunya, amma ban ce ƙarya take yi ba.

Yanzu in na taso daga koyarwa babu wanda zan ce wa sannu, sai na shiga buɗe akwatunan. Na share teburin cin abinci, tunda ba mai ci a kansa, na baje gutsattsarin duwatsun da mutanenka na dā suka fasa suna yin wuƙa. Littattafanka kaf na karanta, har waɗanda kai ba ka buɗe ba. A ciki na ga ana iya mayar da gutsuren dutse gurbin da ya ɓalle. Wata huɗu ina gwadawa. Kwantar da hankalinka, ban goge lamba ko ɗaya da ke jikin duwatsun ba. Ni na rubuta su da tawada, kana karanto min.

Ran Talata guda biyu suka haɗu tsaf, ko zare ba zai ratsa tsakaninsu ba. Na yi tsalle ni kaɗai a falo. Sannan na duba lambobin. Ɗaya daga hawa na biyu na raminka ya fito, ɗaya daga na bakwai. Kai ka rubuta cewa shekara dubu shida ce tsakanin hawan nan biyu. To, ko dai mutumin da ya fasa dutsen ya ɗaga hannu ya jira shekara dubu shida kafin ya sake bugu, ko kuma ƙasar kogon ta cakuɗe, lissafin shekarunka ya rushe. Zuwa jiya na haɗa irinsu goma sha huɗu.

Na kira ka. Ka ce kana taro, in mayar da komai inda na ɗauko. Sai ka ƙara da, "Wannan ba aikinki ba ne."

Kada ka zaci murna nake yi. Na san a kan lissafin shekarun nan aka ba ka kujerar farfesa, kuma saboda su gashinka ya yi fari a inda ban gani ba. Na kifa kai a teburin na yi kuka. Abin da ya fi ƙona min rai, mutum ɗaya na sani a duniya da zai gane daɗin abin da na gano, shi kuwa ya kashe min waya.

Littafinka zai tafi maɗaba'a farkon wata mai zuwa. Ka zo kafin ashirin ga wannan watan, ka jawo kujera kusa da ni, ka haɗa su da hannunka. In kai ka gyara, ba mai ji daga bakina. In ranar ta wuce, zan aika wa editan mujallarku hotunansu da lambobinsu, da sunana haɗe da na mahaifina a ƙasa, ba naka ba. Daga nan in kulle gida, in bar makulli gun maƙwabciya, in koma wajen ƙanwata.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
mai jiranka zuwa ashirin ga wata.