Ni Na Yanka Kajin Mama, Ni Kuma Na Ce Biri Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, duk da dai wanda ya taɓa zama a Mont-Bouët yana karanta layi uku zai ce ai wane ne. To wanda ya gane ni ya rufa min asiri, Allah Ya rufa masa nasa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, kwana shida ya rage min.

Ni mutumin Kano ne, ina da shagon atamfa da leshi a kasuwar Mont-Bouët a nan Libreville. Na shigo garin nan lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, lokacin da ko tari ka yi a bakin titi sai wani ya tsaya ya ce nawa za ka sayar. Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki. In na ga ɓera a shago, kafin labarin ya isa layin masu takalma ya zama ɗan akuya, kafin ya kai tashar taksi ya yi ƙaho. Har suna aka laƙa min, wai Rediyo. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, a ganina mutane nake sa wa nishaɗi a ƙasar da kowa ya baro uwarsa a nesa.

Gidan da nake haya a unguwar Akébé yake, ɗakuna goma sha huɗu sun kewaye tsakar gida ɗaya, da bishiyar mangwaro a tsakiya. Mai gidan tsohuwa ce 'yar Gabon, Kirista, kowa Mama yake ce mata. Kuɗin mai ya kwaso mutane daga ko'ina ya zube mata a gida, akwai tela ɗan Senegal, akwai 'yan Mali, 'yan Kamaru, 'yan Nijar masu tuƙin taksi, wata mata daga Abidjan, har da wani ɗan Filifin mai aikin jirgin ruwa wanda a shekara bai fi wata biyu yake kwana a ɗakinsa ba. Mama kam uwa ce a gare ni, ba da wasa nake faɗa ba. Da matata ta yi haihuwar fari ba mu da kowa a nan, Mama ce ta je wurin matan Nijar ta ce su koya mata wankan jego, ta zo ta yi wa matata kwana arba'in tana dafa ruwa da ganye, hannunta duk ya ƙone. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, ɗana kawai take cewa.

Ita ta ƙirƙiro abin da muke kira Babbar Tabarma. Duk Lahadin farko bayan Babbar Sallah, in ta dawo daga coci, sai a shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, kowane ɗaki ya fito da tukunyar abincin ƙasarsu. Kai jama'a, ba ku ga abinci ba. Shinkafa da kifi ta Senegal wadda kifin sai mutum biyu sun kama, miyar gyaɗar Mali, miyar shuwakar 'yan Kamaru, aceke na Abidjan, wato dambun rogo, dambun zogale na mutanen Damagaram, matata ta soya waina da miyar taushe, ɗan Labanan mai kanti a bakin layi ya aiko da ƙwallayen namansa, ɗan Filifin ya kawo wata taliya siririya kamar zaren ɗinki. Doka biyu ce kawai. Ba ka fara ci daga tukunyar ɗakinku, sai ka zagaya ta maƙwabta. Sannan wanda tukunyarsa ta riga ƙarewa shi ne sarkin shekara, a kifa tukunyar a yi ta bugunta kamar ganga.

Kuma shekara da shekaru Mama ce ke lashewa. Kaza take dafawa cikin romon kwakwar manja, abin da suke kira nyembwe, tun jajibiri take daka kwakwar a turmi da kanta. Da yake yawancinmu Musulmi ne, sai ta kafa al'ada, ba ta sayen kazar firiza, rayayyu take saya, ni kuma in yanka mata su bayan sallar asuba a bayan gida. Duk wanda zai sa hannu a tukunyarta sai ya waiwayo ya ce, “Rediyo, kai ka yanka?” in ce ni na yanka, shikenan a hau ci. Wato kalmata ita ce hatimin tukunyar. Ku riƙe wannan, don a nan na kashe kaina.

Shekarar da abin ya faru kaji takwas na yanka mata da hannuna, na yi bisimilla a kan kowace. Da aka zauna, akwai wani dattijo da muke girmamawa, Alhaji mutumin Damagaram, shi ke jan mu sallah a gidan. Ya miƙa hannu ya ɗauko wuyan kaza, dogo haka, ya ce, “Rediyo, kai ka yanka?” Ni kuma shaiɗan ya hau min harshe, na ga wuyan nan ya yi min kama da wani abu, sai na sunkuyar da kai na ce da Hausa, “Alhaji bana dai ban ga kaza ba, amma na ga jela tana leƙowa daga buhu, kuma mai jelar yana da yatsu biyar.” Wallahi dariya nake jira. Na ɗauka za a ce kai Rediyo Allah Ya shirye ka, a ci gaba da ci. Sai na ga Alhaji ya ajiye naman a hankali, ya tashi ya ɗauki buta ya wanke hannu har gwiwar hannu. Magana ta zagaya tabarma cikin raɗa, daga Hausa ta koma Bambara, ta koma yaren Senegal, duk yaren da Mama ba ta ji. Kowa ya bi ta gefen tukunyarta kamar rami. 'Yan Kamaru biyu ne suka ɗiba, to mutum biyu ina za su kai kaji takwas?

Mama tana zaune a kujerarta da ludayi a hannu, da kayan cocinta ba ta ma cire ba, tana ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ku zo mana, yau na sa kwakwa da yawa. Kowa ya ce ya ƙoshi. A ranar tela ɗan Senegal ne ya zama sarki, aka kifa tukunyarsa ana bugu, ita ma ta taya su tafi. Da yamma na ga ta ɗauki tukunyarta a cike, ta ƙi yarda kowa ya kama mata, ta shige ɗaki.

Za ku ce me ya hana ni tashi a take in ce wasa nake. To ga gaskiya, Alhaji ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce Allah Ya yi min albarka, na tsare wa jama'a addininsu. Ni da ban taɓa jin an yabe ni a kan wani abin kirki ba, sai kaina ya kumbura. Kashegari a kasuwa aka ce in ba da labari, na bayar. Jibi aka sake tambaya, jelar ta ƙara tsawo. Kafin wata ya ƙare birin ya kai girman ɗan shekara bakwai, har na ce da idona na ga yana ɗaga min hannu. Ana ta dariya ana riƙe ciki, ni kuma in dawo gida Mama ta ce ɗana ka dawo, ga ruwan sanyi.

Da shekara ta zagayo ta sake kawo kaji na yanka, na ce wa mutane bana kam ni na yanka, sai aka ce ai dole ka faɗi haka tunda a gidanta kake. Tukunya ta sake komawa a cike. A ta uku ta ce ƙafafunta na ciwo ba za ta iya daka ba, ta zauna kawai tana kallo. Daga nan Babbar Tabarma ta fara mutuwa, wannan ya ce yana da tafiya, wancan ya aiko da lemon kwalba maimakon tukunya. Sai kuma kuɗin mai ya ja baya, mutane suka watse, ɗan Filifin ya tafi ko sallama babu. Yau shekara goma sha ɗaya ba a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron nan ba.

Yanzu Mama ta tsufa ƙwarai, idonta ya kusa tafiya, sati uku ta yi a asibiti kwanan baya. 'Ya'yanta sun yanke shawarar mayar da ita ƙauyensu can cikin daji, za a sayar da gidan. Kowa ya san tafiyar da ba dawowa ce. Abu ɗaya ta roƙa, a yi mata Babbar Tabarma ta ƙarshe ranar Lahadi mai zuwa. Ta sa an kira duk tsofaffin 'yan haya da ke cikin gari, na unguwar Glass, na Mont-Bouët, kowa ya ce zai zo da tukunyarsa. Ta sa an sayo kaji shida an ɗaure a gindin mangwaro.

Shekaranjiya ta aika a kira ni. Na same ta a bakin ƙofa tana laluben kwakwa a cikin kwando tana ware masu kyau da yatsu. Na fara 'yan barkwancina, na ce Mama kajin nan naki ai sun fi ni ƙiba, ɗaya ma na ji tana neman takardar zama 'yar ƙasa. Ta yi dariya har da tari. Sai ta kama hannuna ta ce in zauna. Ta ce, “Ɗana, tukunyar nan ta shekarar farko da aka ƙi ci, kwana huɗu na yi ina cin ta ni kaɗai. Kullum in ɗanɗana in ce ko gishiri ne, ko kwakwar ce ta yi tsami, ban gano ba. A na biyar na zubar.” Ta ce shekara da shekaru in ta kwanta sai ta sake dafa tukunyar nan a cikin kanta, tana neman inda ta yi kuskure. Har ta taɓa tunanin ko wani ta ɓata wa rai a cikinmu bai faɗa ba, ko kuma dama can ƙyamarta muke muna haƙuri ne kawai. Sannan ta ce, “Kai kana yi wa duk duniya ƙarya, amma ni ba ka taɓa yi min ba. Kafin in ɗora wannan, gaya min me ya samu waccan, don kar in maimaita.”

Jama'a, ni da bakina bai taɓa mutuwa ba, ko a gaban ɗan sanda, ranar sai na miƙe ina neman hanyar gudu. Na ce mata ana kiran sallah, alhali saura awa guda. Na shiga banɗaki na yi kuka kamar an aiko min da rasuwar mahaifiyata.

Jiya na tafi wurin Alhaji, yanzu ya koma kusa da masallacin kasuwa. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce kaji ne, ni na yanka, babu biri babu jela, in ya so a kawo Alƙur'ani. Sai ya ce, “To Rediyo, yaushe ka yi ƙaryar, wancan karon ko yanzu?” Ya ce zai zo saboda zaman tare, amma shi da iyalinsa ba za su sa hannu a tukunyar ba sai in shi ya yanka da kansa, kuma na san in Alhaji bai ci ba babu mai ci. To in na miƙa masa wuƙa, Mama za ta tambaya me ya sa ɗanta bai yanka ba bana, kun ga an dawo wurin da nake gudu.

Na gaya wa matata, ba ta taɓa sanin ni na ƙirƙira ba, ita ma ta ɗauka da gaske ne. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta ce matar da ta ƙona hannunta a kan jegonta ita na yi wa haka, ta ce tun daga waccan shekarar ita ma tana kauce wa abincin Mama da dabara saboda ni, duk wanda aka aiko mata sai ta juye a ɓoye ta mayar da kwano da godiya. Ta ce in ban faɗa wa Mama ba ita za ta faɗa. Tun jiya ba ta kalle ni ba.

Ga inda na tsaya. In na faɗa mata gaskiya, za ta san girkinta lafiyarsa ƙalau, za ta huta da wannan tunanin, amma za ta tafi ƙauye da sanin cewa wanda take kira ɗana shi ya mayar da ita abin dariyar kasuwa, kuma mutanen da ta ɗauka 'yan'uwa sun yarda za ta iya ciyar da su biri a ɓoye. Ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. In kuma na ce mata gishiri ne ya yi yawa, na lallaɓa Alhaji ya yanka da wata hujja, wataƙila a cinye tukunyar a kifa a buga mata, ta tafi tana murna, amma na ɗora mata laifin da ba nata ba har kabari, kuma na yi mata ƙarya a kan tambaya ɗaya tak da ta taɓa roƙona gaskiya. Ko kuwa in bari sai an zauna a tabarma in miƙe in faɗa a gaban kowa, da Faransanci yadda za ta ji? To in na ɓata mata ranarta ta ƙarshe fa?

Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku gaya min wanne zan yi. Masu ilimi ku faɗa min yadda ake neman yafiyar wanda bai ma san an zalunce shi ba. Kajin suna nan ɗaure a gindin mangwaro, yau da safe ma da na fito Mama ta jiyo takuna ta ɗago kai ta ce, “Ɗana, ka tuno?” Na ce mata ina kan tunani, Mama. Gobe za ta sake tambaya. Me zan ce mata?