Kifin Aku da Shafina na Bakwai

Litinin, 6 ga Agusta, 1984
Edita ya aiko takarda. Takardar bugu ta yi tsada, za a rage shafuka. Mako mai zuwa hirar Khalilu, wadda wakilin jaridar ya ɗauko, za a sa a gurbin shafina na halittu, shafi na bakwai. Bayan nan zai duba wanda masu karatu suka fi so, ya ajiye ɗaya. Shekara shida ina rubuta shafin nan daga ƙauye ina aikawa Kano, ban taɓa fashi ba.

Laraba, 8 ga Agusta
Khalilu ɗan ƙanen babana ne. Aji huɗu ya bar makaranta, ni na koya masa rubuta sunansa. Shekara bakwai ya yi a jirgin masunta a Bahar Maliya, ya dawo da akwati ɗaya da baki. Kullum bayan la'asar mutane na kewaye shi a gindin tsamiya. Gero na ƙonewa a gona, babu ruwa kwana goma sha tara, amma hirar teku suke so.

Asabar, 11 ga Agusta
Na je gindin tsamiyar, na tsaya daga baya. Labarin kifin aku yake bayarwa, wanda na yi rubutu a kansa bara. Ya ce bakinsa kamar na aku, yana kankare dutsen murjani, idan ka nutsa kana jin ƙarar kamar awaki a rumbu. Ya niƙe dutsen a ciki, ya kasayar da farin yashi. In zai kwanta sai ya lulluɓe kansa da majina. Duk na rubuta wannan, da tsari ma. Ba wanda ya yi dariya a nawa.

Sai ya ce mai ruwan ƙasa-ƙasan da koren duk kifi ɗaya ne: macen ce ke girma ta sake launi ta zama namiji. Na ce littafi ya nuna iri biyu ne, kowanne da sunansa. Ya ce, "Yaya, naka kifin na takarda ne, bai taɓa jiƙewa ba. Ni na riƙe wadda ke tsakiyar canzawa, rabi ƙasa-ƙasa, rabi kore." Aka kwashe da dariya. Har Liman ya murmusa.

Lahadi, 12 ga Agusta
Furera ta tambaye ni wai da gaske ne mace na zama namiji. Matata ke nan, a gidana.

Alhamis, 16 ga Agusta
Hirar ta fito. Kuskuren bugu uku. Na ƙirga.

Na rubuta wa edita shafi biyu cewa jarida ba dandalin tatsuniya ba ce. Ban aika ba. Ina son hujja tukuna, in gama da shi gaba ɗaya.

Talata, 21 ga Agusta
Bici, ɗakin karatun kwaleji. Littafina bugun 1952 ne, hotunansa baƙi da fari. Na sami wani na 1978. Ya ce masanan farko sun ga launi biyu sai suka ba su suna biyu, daga baya aka gane kifi ɗaya ne, kuma mace na komawa namiji. Na karanta sau uku. Babu kowa a ɗakin sai mai shara. Da na mayar da littafin na yi shiru, ba mai sani har abada.

A mota na yi ta tunanin abu ɗaya: Khalilu shi ya ji ƙarar kifin. Ni ko Legas ban taɓa zuwa ba.

Juma'a, 24 ga Agusta
Bayan masallaci Khalilu ya kawo mini kwanon dawa, wai ya ji namu ya kusa ƙarewa. Na karɓa, ban ji daɗi ba. Na tambaye shi kwana nawa canjin launin ke ɗauka. Ya ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, ba zama muke yi ba." Na rubuta haka nan, yadda ya faɗa.

Litinin, 27 ga Agusta
Na yaga wasiƙar farko. Na aika gyara, layi tara: abin da shafin bakwai ya buga bara kuskure ne, abin da Malam Khalilu ya gani shi ne daidai. Ƙa'idar aiki ce kawai, duk ɗan jarida haka zai yi. A ƙasa na ƙara cewa in edita ya yarda, Khalilu ya riƙa faɗa, ni ina rubutawa, sunansa a sama.

Direban motar Tsanyawa da na ba wasiƙar ya ce ya miƙa wa maigadin ofishin jaridar. Ko ta kai teburin edita, ban ji ba tukuna.