Ranar da Abba Ya Ce Gwaggo Ta Yi Shiru

Nassarawa GRA, Kano.
Lahadi, 14 ga Satumba.

Zuwa ga Yayana Usaid,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nabiha da 'ya'yana Haidar da Ameera. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya tsare ku a wannan ƙasa ta Malesiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan alhamdulillahi. Umma ta samu sauƙin ciwon gwiwar nan, har ta koma islamiyya. Damina ta yi kyau bana, gwandar bayan gida ta yi 'ya'ya har reshe ya karye. Ƙanwarmu Salwa ta gama jarrabawa, tana gida tana damun kowa da girke-girken da take koyo a waya.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin nan. Sau biyu ina ɗaukar waya in kira ka ina ajiyewa, don na san in na fara kuka da dariya za su haɗe mini, ba za ka fahimci komai ba. Da na ji maƙwabcinmu zai taso wajenku jibi, sai na ce gara in zauna in rubuta maka daki-daki. Albishirinka: Abba ya yi magana. Bayan wata biyar cur da shanyewar ɓarin jikin nan, ranar Laraba, yau kwana goma sha ɗaya ke nan, mun ji muryarsa da kunnuwanmu.

Bari in faɗa maka abin da muke ɓoye maka, tun da yanzu ya wuce. Tun watan jiya Abba ya saki jiki gaba ɗaya. Abinci sai Umma ta yi ta lallashi kafin ya karɓi cokali uku. Malam Nura, wanda yake zuwa daga asibiti yana koya masa motsa jiki da furta kalmomi, in ya shigo sai Abba ya juya fuska bango. Har Malam Nura ya keɓe ni a baranda ya gaya mini cewa in aka ci gaba a haka, hannun da ƙafar za su sandare, harshen ma ba lallai ya dawo ba. Ya ce ba magani ne ya rage ba, a samo abin da ransa yake so. Na shiga tunani: mutumin da ya yi shekara talatin yana injiniyan ruwa, ba ya son zama, me zai ja hankalinsa yana kan kujera?

Ina gyara durowar falonsa sai ga kwalin finafinan nan nasa na yaƙin teku. Nan take na tuno ku biyu kowace Asabar bayan La'asar, kuna musu har Umma ta leƙo ta ce a rage murya. Kai kana bayan manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama, shi kuwa ya kafe a kan jirgin ƙarƙashin teku, yana cewa duk wanda bai iya zama cikin tulun ƙarfe a ƙasan ruwa ba bai san jarumta ba. Har yau ina mamakin yadda Bakano wanda bai ga teku ba sai da ya je Jidda, ruwan da ya sani bai wuce na Tiga ba, ya ɗora ransa a kan wannan abu. Umma ta ce tun yana saurayi yake tafiya silima a Fagge saboda su.

Da yake ni ban taɓa zama na kalla da ku ba, sai na zari wanda kwalinsa ya fi kyau na saka. Ashe naka ne. Jiragen sama suna ta tashi daga kan jirgin ruwa, igwa tana ta tashi, Abba ya dube ni, irin kallon da yake yi mana in mun kawo sakamako maras kyau, ya ɗaga hannun hagu ya yi alamar in cire. Yaya, wannan kallon kaɗai ya faranta mini rai, don rabon da in ga ɓacin rai ma a fuskarsa an daɗe. Na riƙa ɗaga masa faya-fayan ɗaya bayan ɗaya yana kawar da kai, har na zo kan wani tsoho maras launi, mai hoton kyaftin da tabo a goshi. Sai ya buga hannun kujera sau biyu.

Muna cikin kallo Gwaggo Rabi ta iso daga Giginyu duba ƙaninta, kamar yadda ta saba duk Laraba. Ka san Gwaggo da magana. Ta zauna kusa da shi ta buɗe kwanon dambun da ta kawo, ta fara tambayar me ya kai waɗannan bayin Allah cikin tanki, ba su da gidaje ne, kuma ina iyayensu. A daidai lokacin fim ɗin ya kai inda injin jirginsu ya lalace, suka kwanta a ƙasan teku, jirgin abokan gaba yana kewayawa a samansu yana kasa kunne da na'ura. Duk sun cire takalma, sun naɗe cokula a tsumma, wani mai tari ya cusa hannun rigarsa a baki yana hawaye. Ni kaina na riƙe numfashi. Gwaggo kuwa ko a jikinta, ta koma labarin matar ɗanta da tsadar tumatir, da murya kamar tana kiran wani a ƙetaren titi.

Sai kawai muka ji Abba ya kira sunanta, ya ce ta yi shiru, za a ji su. Muryar ta fito a shaƙe, kalmomin a karkace, amma babu wanda bai gane ba. Kofin da ke hannun Umma ya suɓuce. Salwa ta ruga tsakar gida ba ɗankwali tana kiran Malam Ya'u direba, dattijon nan ya shigo har falo da bokitin wankin mota a hannu, ya tsaya yana ta hamdala. Gwaggo ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Daga baya ta ce shekara saba'in da biyu ƙaninta Badaruddeen bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma wannan tsawa ta fi mata kyautar kujerar Makka. Abba kuwa bai ko kalle mu ba, idonsa na kan talabijin har aka gyara injin, jirgin ya taso. Sai da aka gama ya ga yadda muka kewaye shi, ya yi murmushi da rabin fuska, hawaye yana bin kuncinsa. Ranar ya ci dambun Gwaggo fiye da rabin kwano.

Kada in sa ka zaci ya warke sarai. Maganar tana zuwa ne guntu-guntu, wani lokaci ya nemi kalma ya rasa, ransa ya ɓaci. Amma sannu ba ta hana zuwa. Malam Nura ya ƙulla yarjejeniya da shi: motsa jiki na rabin awa, sannan fim. Jiya ya taka daga kujera zuwa ƙofar falo da sanda, taku goma sha ɗaya, Umma na biye da shi tana addu'a. Ni kuma a kwana goma na zama gwana. Na san madubin da ake leƙen saman ruwa da shi, na san bama-baman nan masu kama da ganga da ake jefowa daga sama. Wanda na fi so shi ne na jirgin da ya bi ta ƙarƙashin ƙanƙara don ya kai wani maras lafiya gaɓa, ko harbi ɗaya babu a ciki. Abba ya ce wannan na yara ne. Gwaggo ma yanzu Laraba da Asabar take zuwa, ta zaɓi wani mai dafa abinci a jirgin ta ce shi kaɗai ne mai hankali a cikinsu, tana yi masa addu'a duk lokacin da ruwa ya fara shigowa.

Yanzu ga abin da nake roƙonka, kuma ka yi haƙuri in ƙanwa ta yi wa yayanta nasiha. Na lura tun Yuli ka daina kiran bidiyo, sai dai ka kira Umma ka tambayi jikinsa. Na san dalili, ganinsa shiru ne yake karya maka zuciya, ba wanda ya zarge ka. Amma shi yana lura. Duk lokacin da wayar Umma ta yi ƙara sai ya juyo. An ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ka kira ranar Asabar da hantsi, lokacin ku yamma ta yi, ka sa Haidar da Ameera a gabanka. In ya yi jinkirin amsawa kada ka ƙarasa masa magana, ka jira shi, yana isowa.

Da yamman nan ya gan ni ina rubutu ya tambayi wa nake rubuta wa. Da na faɗa masa, sai ya miƙo hannun hagu ya karɓi biron. Ya fi minti goma yana fama, ya hana kowa ya riƙe masa takardar. Rubutun da za ka gani a karkace a ƙasan shafin nan nasa ne. In ya yi maka wuyar karantawa, sunanka ya rubuta, da kalma ɗaya a gefensa: zo.

Umma tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. Gwaggo Rabi da Salwa da Malam Ya'u duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti Nabiha da kyau, ka ce yajin da ke cikin ƙullin da na haɗa da wasiƙar nan nata ne. Ka gaida Haidar da Ameera. Allah Ya sada mu da alheri, Ya ƙara wa Abba lafiya.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Suhaila Badaruddeen.