Manet ɗin da ban jona wa Hadiza ba

Tahoua, daren Laraba

Yau a kasuwa na ci karo da ƴar na'urar wasa, an tara tsofaffin wasannin katun na ƙuruciyarmu duka a cikinta. Na kawo gida na jona a tele. Kiɗan farko na tashi, ƙanwata Hadiza ta faɗo mani a rai.

Muna yara, kullum sai ta yi kuka in bar ta ta buga. Ni kuwa mugu, sai in miƙa mata manet ta biyu, wato abin dannawar da ake buga wasan da shi, in tura igiyar ƙarƙashin tabarma ba a jone ba. Ta yi ta dannawa tana ihu, "Yaya, na ci!"

Na kira ta a Barmou inda take aure, ina dariya na tona asirin. Ta ce, "Haba Yaya, ai na sani tun lokacin. In na faɗa, korata za ka yi. Ni zama kusa da kai nike so."

Na daina dariya. Shekara biyu ban taka Barmou ba, ga ta nan kusa. Manet biyu ne cikin kwalin na'urar. Ta biyun ko ledarta na kasa cirewa.