Gurbin da ke Gefen Kamana

4 ga Safar

Zuwa ga ƙanwata Sanfa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida ɗanki da iyalinsa, da fatan gwiwar nan taki ta bar ki kina sallah a tsaye. Ni dai ga ni nan, da sauran numfashi. Na ba mai jirgin kaya wannan takarda domin kin san kunnena ba ya jituwa da waya.

Shekaranjiya na dawo. 'Yata Shiuna da mijinta Nizar sun sauke ni a gida suka wuce Male, babban birni, da yaran. Kin san ba don hutu na bi su zuwa wani otal na shaƙatawa ba. Wanda yake zaune shi kaɗai tun safe har magariba, hutun me zai nema? Na yarda ne saboda otal ɗin a tsibirinmu na da aka gina shi, kuma tun da teku ta tashe mu shekara ashirin da suka wuce ban sake taka shi ba. Ina so in ga kabarin matata Kamana, in ga gurbin da na bari a gefenta, wanda na sa Shiuna ta yi mini alkawarin a nan za a kwantar da ni.

Muna sauka daga jirgin ruwa wata yarinya ta ɗaura mini wata roba shuɗiya a wuyan hannu, irin wadda ake ɗaura wa jariri a asibiti. Na ce mata, "'Yata, a nan fa aka yanke mini cibiya." Ta yi murmushi ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka. Kada ka cire, da ita za a ba ka abinci."

Filin da muke shanya kifi, yanzu wurin wasan ruwa ne. Sun kafa waɗansu manyan bututai, ja da rawaya, sun fi bishiyar kwakwa tsawo, sun nannaɗe kamar hanji. Mutum ya hau sama ya shiga, ya sulalo yana ihu, bututun ya tofar da shi cikin tafki. Manya ne fa, Sanfa, masu furfura a ƙirji. Sun shafe jiki da mai, rana ta gasa su sun yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, man nan yana yawo a saman ruwa. Ruwan ɗumi ne kamar romo, yana warin maganin wanki. Da idona na ga filastar ciwo tana iyo, na ga gashi ya dunƙule a bakin magudana, na ga wani ƙato ya fyace majina ya ɗauraye hannu a ciki. Jikata Laisha tana kusa da shi, baki buɗe, tana dariya.

Yayanta Zayan ya yi ta kirana, "Kaka, shigo mana! Ko tsoro kake ji?"

Na ce, "Ni da na yi iyo tun ubanka bai san hanyar makaranta ba? Ka ga yaron can da ya tsaya cak a ruwa yana kallon sama? Me kake tsammani yake yi, lissafi?"

Zayan ya kwashe da dariya har ya ƙware da ruwan. Nizar ya ce, "Baba, akwai magani a ciki, yana kashe komai." Na ce to, Allah Ya sa ya bar mini jikokina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani tafki da ake kaɗa ƙararrawa, sai inji ya tayar da igiyar ruwa, jama'a su yi ta tsalle suna murna. Ga teku nan taku talatin daga wurin, ba mai kallonta. Igiyar ruwa ce ta raba mu da gidajenmu, su kuma sun sayo inji yana yi musu ta ƙarya.

Da rana aka kawo wani nama a cikin burodi, yana naso a takarda. Mutane suna ci da jiƙaƙƙen jiki, ruwa yana ɗiga daga gashinsu cikin faranti. Ayaba ɗaya na ci.

Maganar kabari kuwa, hannuna ya gaji. Sai wani jiƙon.

Ki huta lafiya.
Yayanki,
Idrees Fulhu


11 ga Safar

Yaya,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, ni da ita mun saba. Yara suna gaishe ka.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu, na yi dariya har surukata ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma Yaya, ni za ka yi wa wayo? Hannunka bai gaji ba wajen ƙirga gashin ƙirjin baƙi, sai da aka zo kan Kamana? Tun muna yara haka kake. In ka fasa tulu sai ka zo ka yi ta ba Inna labarin yadda hanyar rijiya ta lalace.

Shiuna ta zo mini ranar Juma'a, idonta a kumbure. Ta ce bayan azahar aka neme ka aka rasa. Suka bi tafki-tafki suna leƙa ƙasan ruwa, Nizar yana gudu da gajeren wando, tumbi yana gaba yana baya. Wannan kam na so a ce na gani. Ta ce a bayan wata katanga aka same ka, zanenka ya jiƙe da laka har gwiwa, ƙafarka tana jini, kana ɗaga wa wani mai farar riga murya. Kai da ko ɗalibanka ba ka taɓa yi wa tsawa ba.

Ta kuma ce a cikin jirgi, kuna dawowa, ka ce mata ta manta da alkawarin nan, duk inda ka mutu a tona a rufe ka.

Gaskiya ne? Ni ma ina da Inna da Baba a wannan maƙabarta, ina da haƙƙin in sani. Ka rubuto mini abin da ka gani, kada ka sassauta mini, ni ba yarinya ba ce. Ƙafar kuma ka je a duba maka ita, kada ka tsaya shafa man kwakwa kana cewa ta warke.

Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙuri.
Ƙanwarka,
Sanfa


17 ga Safar

Sanfa,

Assalamu alaikum. Na gode da takardarki, har da faɗan da ke ciki. An duba ƙafar, an ɗinke ta. Tun da kin ce kada in sassauta, to ga shi.

Da suka shagala da wasa na ɗauki sandata na nufi inda masallaci yake. Babu masallaci, wurin sayar da kayan sanyi ne. Amma na gane rijiyar, an rufe ta da katako an ɗora tukunyar fure. Daga rijiya na ƙirga taku arba'in zuwa yamma kamar yadda na saba, sai na ci karo da wata katanga da aka yi wa zanen kifaye suna dariya. Na bi ta har na sami ƙofar ma'aikata a buɗe.

Maƙabartar tana nan, ba su tone ta ba. Sun dai jingina mata ɗakin injin da ke tura ruwa, yana ruri ba tsayawa har ƙasa tana rawa a tafin ƙafa. Ruwan da suka gama wanka da shi kuwa, in za a sauya, ta nan ake sako shi. Ya yi wa kansa hanya a tsakanin kaburbura, ya bar kumfa da gansakuka da gashi. Duwatsun da kakanninmu suka sassaƙa, masu tsini na maza da masu zagayen kai na mata, duk sun yi kore. Inna da Baba suna can gefen tudu, ruwan bai kai gare su ba, ki kwantar da hankalinki. An dai tara fasassun balan-balan na iyo da takalma warin ƙafa ɗaya a kusa da su.

Kamana tana ƙasa, wajen gangare. Na same ta da tawul jiƙaƙƙe a rataye a kan dutsenta, wani ya shanya. Na ɗauke shi da bakin sanda. Gurbina kuwa, wani baƙin bututu mai kaurin cinya ya ratsa ta tsakiyarsa, yana ɗiga.

Na tsuguna in karanta mata Yasin. Ashe ɗaya daga cikin bututan sulun nan ta saman katangar ya lanƙwaso, daidai kanta. Ina aya ta uku wani ya wuce a sama yana kururuwa, ruwa ya fantsamo mini a wuya. Na sake daga farko. Wata ta wuce. Sau huɗu ina farawa. Surar da na koya wa yara shekara talatin da biyar, Sanfa, na kasa kai ta ƙarshe. Da na yunƙura in tashi santsi ya kwashe ni, gefen dutsen ya yanke ni.

Nan mai farar rigar ya same ni. Ɗan ƙasarmu ne, da ganin fuskarsa daga kudu ya fito. Ya ce, "Baba, baƙi ba sa shigowa nan."

Na ce, "Baƙi? Kai ne baƙo, yaro. Wannan matata ce."

Ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Ai mun kiyaye wurin, ba mu taɓa ko dutse ɗaya ba, doka ma ta hana."

Na ce, "Da uwarka ce a nan, za ka wanke mata baya da ruwan hammatar mutum ɗari biyar?"

Ya sunkuyar da kai. Sai ya ce in zo a wanke mini ciwon, kuma a ba ni ruwan kwakwa kyauta. Kyauta! Kwakwar da ubana ya dasa. A nan ne muryata ta ƙwace mini, su Shiuna suka ji suka zo.

Abin da na faɗa a jirgi, na faɗa. Na kwana uku ina wanke hannu ina jin warin nan. Ko romon kifi aka zuba mini, in na ga maiƙo a samansa sai in ture kwanon. Wa zai so a kwantar da shi a wannan wuri?

Ki yi mini addu'a.
Yayanki,
Idrees Fulhu


Male, ranar Talata

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar tana sauƙi, kana kuma shan maganin a kan lokaci. Zayan da Laisha suna gaishe ka. Laisha ta yi kwana biyu tana ciwon kunne, ta warke. Nizar ya ce in gaya maka ka ci gari, ba zai sake gardama da kai a kan ruwa ba.

Gwaggo Sanfa ta ba ni takardar da ka rubuta mata, na karanta. Ta ce in ban faɗa maka gaskiya da kaina ba, ita za ta faɗa, kuma ka san ta.

Baba, na san yadda wurin yake tun kafin mu je. Bara wata ƙawata da ke aiki a can ta turo mini hotonsa. Na je ofishin masu otal ɗin na tambaya ko za a bari a ƙara binne mutum, suka ce ba a taɓa yi ba, ba su ga yadda za a shigo da gawa ta gaban baƙi ba. Na rasa bakin da zan gaya maka. Duk lokacin da na zo sai ka ce, "Kin dai tuna alkawari," in ce na tuna, in koma jirgi ina kuka. Shi ya sa na shirya tafiyar. Na ce in ka gani da idonka, kai da kanka za ka sauke mini alkawarin. Ban zaci za ka tafi kai kaɗai ba, ban zaci za ka faɗi ba. Ka yafe mini.

Yanzu tunda ka sauke, ina roƙonka ka rubuta a takarda ka sa hannu, saboda kada dangi su ce ni na ci amanarka. Maƙabartar da ke kusa da mu tana da tsabta, ana share ta kullum, zan riƙa zuwa duk Juma'a da yara. Allah Ya sa ranar tana da nisa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Shiuna


26 ga Safar

Shiuna,

Wa alaikumus salam. Na yafe miki, duniya da lahira. Ki shafa mini kan Laisha.

Takardar da kika nema ba zan rubuta ba. Maganar jirgi na janye ta, ɓacin rai ne ya yi ta.

Wurin nan ƙazami ne, ban taɓa ganin irinsa ba, har yanzu in na tuna sai na tofar da yawu. Amma ni wuni ɗaya na yi a cikinsa na gudo gida na yi wanka. Mahaifiyarki tana can, ba ta da inda za ta je, kuma ta fi ni ƙyanƙyami nesa ba kusa ba. Ba zan je in kwanta a wuri mai shara in bar ta ita kaɗai ba.

Ki koma ofishin. In sun ƙi, ki sake komawa. Ki ce musu ba sai an bi da ni ta gaban baƙinsu ba, akwai ƙofar ma'aikata, na san ta. Su matsar da bututun kamu huɗu kawai. Ni ba ni da jiki, zan shiga.

Mahaifinki,
Idrees Fulhu